Wata Bakwai da Baba Ya Taya

Ranar da maigidana ya dawo daga zauren mahaifinsa yana murmushi, ya ce mini an daidaita a wata biyar, na zaci wasa yake. Ina tankaɗen gari a ƙofar ɗaki. Na aje rariya na dube shi, na ce wata biyar na me? Ya ce na aikin mana. Ya kai wa Baba wata bakwai kamar yadda na ce, Baba ya taya uku, shi kuma ya ce albarka, anka ja anka ja har Baba ya hau biyar, shi kuwa ya sallama. Yana faɗi yana jiran in yaba masa, don a ganinsa ya ƙwato mini wata biyu daga bakin kura.

Na ce masa wata bakwai ba kuɗin buhun albasa ba ne da za a taya. Ya ce a Malanbil babu abin da ba a tayawa. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Bari in koma baya kaɗan, a san abin da ya haɗa ni ciniki da surukina. A Paraku na yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, na koyi rubuta manhaja, irin wadda ake sa wa waya. Aure ya kawo ni Malanbil, cikin babban gidan iyayen mijina, ƴan kasuwa ne kaka da kakanni. Ban bar sana'ata ba. Mu uku ne tun daga makaranta muke karɓar ƙananan ayyuka muna yi tare daga nesa. Ɗaya Bazabarme ne mazaunin Gaya, ƙetaren kogin Kwara, shi ke gina cikin manhaja, wurin da ake ajiye bayanai, abin da mai waya ba ya gani. Ɗaya ƴar Dendi ce da ta zauna Paraku, aikinta ta gwada abin da munka rubuta ta nemo inda zai karye, kuma ba ta rasawa. Ni ke yin fuskar da mutum ke taɓawa da yatsa, ni ke kuma haɗa kan aikin, in ce wane ya jira wane, wane ya fara kaza.

Baba kuwa, wato surukina, shi ne shugaban wata ƙungiya ta ƴan albasa. Kowace shekara in albasa ta fito, sai a loda buhunan mutum goma ko fiye a kamyo ɗaya, wato babbar motar kaya, zuwa Kwatano, kafin a sauke an fara rigima, wannan ya ce nasa arba'in ne, direba ya ce talatin da takwas ya ɗauka. Baba ya gaji da raba gardama. Da ya ji matar ɗansa na aikin waya, sai ya ce to a yi masu abin da zai riƙe buhun kowa da motar da ya hau. Yana so a gama kafin albasa ta fito, kuma a nan ban ga laifinsa ba.

Muna da yadda muke kimanta aiki tun muna ɗalibai. Sai mu yayyanka shi gunduwa-gunduwa, mu haɗu a waya kowa na ganin kowa, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowa ya ɗaga yatsu lokaci guda, mako nawa yake ganin wannan gunduwar za ta ci. Dalilin ɗagawa tare, kada wani ya ga na wani ya bi, don mu nan in babba ya faɗi lamba ƙarami ba ya iya wuce ta. Wanda ya ɗaga da yawa da wanda ya ɗaga kaɗan su faɗi hujjarsu, sannan a sake. Kwanaki munka yi muna haka a kan aikin Baba, rezo, wato sabis ɗin waya, na yankewa muna sake kira. Da munka tara gunduwoyin sai sunka ba da wata bakwai cif. Ba mu bar wurin ragi ba ko na mako guda, don babu wanda ya taɓa gaya mana a makaranta cewa lokaci ma ana kai shi kasuwa. Haka na faɗa wa maigida, haka ya ɗauka ya kai zaure.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce me ya hana in tafi in yi wa Baba bayani da bakina. Suruki ne fa. Tun da anka kawo ni gidan ban kira sunansa ba, ban ci abinci yana gani ba, ban tsaya tsaye gabansa ba. In na ji takunsa a tsakar gida sai in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon bango, don kunyar ba ni kaɗai ke jin ta ba. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin ɗansa take bi, ko da muna tsakar gida ɗaya muna jin tarin juna.

Da na kira abokan aikina na gaya masu an taya mu, ƴar Paraku ta yi dariya har ta shaƙe. Ɗan Gaya bai yi dariya ba. Ya ce dama yana neman yadda zai gaya mana wata magana. Wani kamfani a Yamai ya ba shi aiki, da albashi wata-wata, abin da bai taɓa samu ba tun da ya gama karatu, ga kuma matarsa da ciki. Da wata bakwai ne da sai dai mu yi haƙuri mu nemi wani. Amma wata biyar, yana iya roƙonsu su jira shi, sun ce suna son sa. Sharaɗi ɗaya, mu sassaƙe aikin har ƙashi, mu bar abin da in babu shi babu manhaja: sunan mai kaya, yawan buhu, motar da ya hau, kuɗin dako, ya isa ko bai isa ba.

Ni Bagobira ce ta wajen uba, shi Bazabarme, don haka akwai wasa tsakaninmu, bai taɓa kira na ba tare da tsokana ba. Ranar ya aje tsokanar. Ya ce, “Bagobira, in kin ce biyar, biyar ce, yanzu zan kira Yamai in ce su riƙe mini kujera.”

Na ce biyar ce. Ya kira su. Kuɗin aikin ma a dunƙule anka yanke shi, ƴan ƙungiya sunka yi karo-karo, munka raba shi bisa wata biyar. In watan na biyar ya mutu kuɗi ya ƙare, ko an gama ko ba a gama ba.

Wata biyun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Maigida yana sayar da kayan babur kusa da tasha, ya ba ni ɗan ɗakin da ke bayan shago. Wari ne na baƙin mai da roba, in anka ɗauke wuta sai zufa, amma nawa ne. Da safe in ɗauki jakata in bi ta kasuwa a ƙasa, in gaisa da masu kifi, in sayi ƙosai, in shiga in ja ƙofa. Da rana mu yi kira mu uku. Ɗan Gaya da layin Benin yake kira, sai ya matso wajen ruwa yake samun rezonmu, ina jin hayaniyar masu jirgi bayansa. Aiki na tafiya yadda munka tsara, ya gama nasa ya miƙo, in ɗora nawa, ƴar Paraku ta karya, mu ɗinke. Har na fara cewa a raina ashe biyar ɗin ma za ta yi.

Sai na yi abin da kowane mai haɗa aiki ke yi, na ba maigida waya ya kai wa Baba ya ga inda munka kai. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Washegari ina wanke shinkafa a tsakar gida, ya fito ya tsaya taku kaɗan daga inda nake, ya kira ɗansa, ya ce masa da ƙarfi yadda zan ji, “Ka ce wa ɗiyata aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai dai ta yi mana gyara.”

Gyara dai irin na kasuwa, wanda mai tumatur ke ɗora maka biyu bayan an gama ciniki. Abin da yake so, kuɗin dako ya riƙa fitowa da dala, don babu ɗan albasar da ke lissafi da tamma. Maigida ya juyo ya maimaita mini kamar ban ji ba. Na ce ya ce wa Baba to. Me kuma zan ce ina durƙushe da ƙwarya a hannu?

A baki ƙaramin abu ne, a raba lamba gida biyar, tunda dala ɗaya tamma biyar ce. Amma direbobin kudu da masu karɓar kaya a Kwatano da tamma suke lissafi. Ke nan lamba ɗaya sai ta fito wa wannan da dala, ta fito wa wancan da tamma, kuma in mutum ya rubuta ɗari sai manhaja ta san ɗarin wa yake nufi. Ya taɓa nawa, ya taɓa na ɗan Gaya, duk abin da ƴar Paraku ta riga ta gwada sai ta sake daga fari. Munka ɗaga yatsu, ya ba da mako uku. Munka ce mu haɗiye, gyara ɗaya ba ya kashe mai kaya.

Na biyun ta bakin Inna ya zo, uwar mijina, muna ɓarar gujiya. Ta ce Baba ya ce yawancin lodi a gona ake yi, can Madekali da bayanta, inda waya ba ta kamawa, ko abin zai iya aiki babu rezo? Ɗan gyara ne dai. Na gaya wa ɗan Gaya. Duk ginin da ya yi a kan cewa akwai rezo ya dasa shi. In babu, sai kowace waya ta riƙe nata, in ta shigo gari ta kai, kuma in mutum biyu sunka rubuta mota ɗaya a gona kowa da lambarsa, sai an san ta wa za a ɗauka. Ya ce wannan ba ɗora tumatur ba ne, tono harsashin gida ne mutane na ciki.

Kafin mu farfaɗo na ukun ya iso. Ashe Baba ya tsaya gaban taron ƙungiya ya ce masu kada wanda bai iya karatu ba ya damu, wayar za ta yi magana, da Dendi, da Hausa, da Zabarmanci. Wannan ma ba a aiko mini ba, a bakin mai ƙosai na ji, tana yi mini barka.

Kada a ce na zauna na naɗe hannu. Na ce wa maigida ya je ya gaya wa Baba ba zai yiwu ba, haka da waɗannan kalmomin. Ya ce to. Na laɓe bayan zaure ina saurare, sai na ji yana cewa, “Baba, tana ƙoƙari, da ɗan nauyi dai amma tana ƙoƙari.” Da ya fito na tare shi, na ce haka na aike ka? Ya ce shi bai taɓa ce wa mahaifinsa ba zai yiwu ba, bai san ta inda ake fara ta ba. Mutumin kirki ne, ba na ƙin faɗi. Amma duk magana mai kaifi in ta bi ta bakinsa sai ta isa a dakushe.

Sai na ce bari in yi wayon kasuwa tunda kasuwa ake. Na ce ya gaya wa Baba sa wa waya murya zai ci wata huɗu, da niyyar in ya taya biyu mu samu ƙarin lokaci a bakinsa. Baba ya yi dariya, ya ce yaran zamani da ban dariya suke, yaushe anka fara ƙirga gyara? Ciniki an gama shi tun tuni, gyara alheri ne, ba a sa masa kuɗi, ba a sa masa rana. Wannan ƙofa ta rufe.

Na zauna na buga takarda, kowane ƙari da makonnin da zai ci. Maigida ya karanta ya linke ya miƙo mini, ya ce takarda ta duwan ce, wato ƴan kwastan, da jandarma, mutanen da ba su yarda da kai ba. In ya kai wa Baba wannan daga hannun matarsa, gobe duk layin ƴan albasa sun ji surukar shugaba ta kai shi ƙara a takarda. Na yi masa faɗa har Inna ta leƙo. Amma na san bai yi ƙarya ba, na san garin.

A nan aikin ya fara cin mu. Ni ke cewa wane ya jira wane, sai ga shi kowa na jiran kowa. Ba zan iya gama fuska ba sai ɗan Gaya ya gama tonon harsashi, shi ba zai iya rufewa ba sai na gaya masa yadda murya za ta shiga, ƴar Paraku tana gwada abin da gobe za a rushe. Ta fara aiko saƙo a gajarce, ta daina sa dariya a ciki. Wata rana na ce mu kimanta sauran aikin, na ƙirga har uku, ni da ita munka ɗaga, ɗan Gaya ya bar hannunsa a ƙasa. Ya ce yatsunsa ba su da amfani, in je in tambayi mai zaure nawa zai taya. Abin ya yi mini zafi.

Ni kuwa gaba kura baya siyaki. In na shiga gida, Inna na yi mini sannu da aiki tana ƙara mini nama, Baba na sa mini albarka ta bakin ɗansa. In na shiga shago, mutum biyu da sunka yarda da maganata suna kallona ta waya. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ɗaga mini murya, da an yi ma da na samu wanda zan rama a kansa. Na rame.

Wata na huɗu na ƙarewa ɗan Gaya ya ƙetaro. Tun da anka rufe gadar Kwara sai ta jirgin ruwa ake zuwa, da kuɗi da wahala, don haka da na gan shi a ƙofar shago ƙafar wandonsa a jiƙe na san ba ziyara ba ce. Maigida ya sa anka kawo masa ruwa, munka zauna mu uku. Ya ce Yamai sun kira, ƙarshen wata mai zuwa in bai zo ba za su ba wani, sun yi iya jiransu. Ya zauna ya duba abin da ya rage. In anka aje maganar gona da maganar murya sai bayan albasa, munka koma kan abin da munka yi alkawari tun farko, za mu gama a kan lokaci, ya tafi da hankalinsa kwance. In ba a aje ba, ko wata huɗu ba za su ishe mu ba. Ya ce kuma ba zai tafi ya bar ni da rabin aiki in ji kunya a gidan mijina ba, in ya zama dole ya bar Yamai sai ya bari.

Maigida ya ce Allah zai kawo mafita. Ni na san mafitar ƙofa ɗaya ce, kuma ban taɓa shigarta ba.

Na jira ranar da maigida ya tafi garin Gene karɓo kaya. Bayan la'asar na ji Baba ya dawo daga masallaci, baƙinsa sun watse. Na yafa mayafi, na cire takalma nesa, na durƙusa a bakin zaure ta gefen cikin gida, na juya kafaɗa, na yi sallama. Na ji ya gyara zama da sauri. Da na saci kallo sai na ga shi ma ya juya fuska wajen bango.

Ya ce, “Lahiya, ɗiyata? Wani abu ya samu yaron nan?”

Na ce, “Lahiya lau, Baba, maganar aiki ce. An yi ciniki wata biyar, amma kayan da anka ɗora daga baya sun fi ƙarfin wata biyar. In an sauke gyaran an bar shi sai bayan albasa, za mu gama a kan lokaci. In ba a sauke ba, ba za mu gama ba.”

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ina jin casbi na motsi a hannunsa. Da ya buɗe baki ba faɗa ya yi ba. Ya ce wallahi bai sani ba, kullum yaron nan cewa yake tana ƙoƙari. Ya ce ashe ramar da na yi ke nan, su da Inna suna ta murna a ɓoye sun zaci ƙaruwa ce. Muryarsa ta yi rauni, har na ji tausayinsa ya kama ni, ni da na zo da fushi.

Sannan ya ce gyaran kam ba ya saukuwa. Ya tsaya gaban mutane ya ce waya za ta yi magana, za ta yi aiki a gona, kuma dattijon da ya janye maganarsa a kasuwa ya gama yawo. Sai ya ce, “Amma wata biyar ni na taya ta, kuma na janye. Albasar bana ta wuce yadda ta saba wucewa, akwai ta baɗi, akwai ta baɗi waccan. Ki yi a hankali, ɗiyata. Ba mai korar ki, gida kike.”

A ransa babbar kyauta ya yi mini, irin wadda bai taɓa yi wa wani a ciniki ba. Ni kuwa a rage mini kaya na zo nema, ba a ƙara mini hanya ba. Na ce, “Baba, abokan aikina…” Ya ce Allah ya yi masu albarka, wanda hanya ta buɗe masa ya tafi kada a tsare shi, ai ni ina nan. Sauran maganar tana bakina, Yamai, ƙarshen wata, mace da ciki. Amma ta yaya zan durƙusa a zauren surukina, mijina ba ya gari, ina roƙo saboda wani namiji? Na ce na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na ja da baya na ɗauki takalmana.

Da safe daga shago na kira ɗan Gaya na gaya masa yadda anka yi, ban rage komai ba. Ya ce shi ke nan, bari ya kira Yamai ya ba su haƙuri. Nan fushin da na kasa yi a zaure ya taso mini. Na ce aikin da ba shi da ranar gamawa, ba shi da kuɗi bayan wata mai zuwa, shi za ka bar albashi saboda shi? Me za ka ba matarka ranar suna, albasa? Ya ce ya yi mini alkawari. Na ce ni na yi masa alkawari, kuma ban iya cikawa ba. Na ce in ya ƙi aikin Yamai saboda ni, kada ya sake kiran lambata. Ina jin masu jirgi na kiran fasinja bayansa, ya ce ya ji. Da na aje wayar na yi kuka sosai, na kifa kai a kan ordinatar don kada yaran shago su ji.

Ya sake ƙetarowa sau ɗaya kafin ya tafi, ya yini yana nuna mini cikin ginin da ya yi, nan kaza, nan kada ki taɓa, nan ban gama ba. Ina gyaɗa kai, rabi na gane, rabi ban gane ba, ba fannina ba ne. Ya ce zai riƙa taimakawa daga can in ya samu sarari, na ce to, mu duka mun san yadda sabon aiki yake. Ƴar Paraku ta riga ta gaya mini za ta tsaya har kuɗi ya ƙare, bayan nan sai ta nemi abin yi, kuma haka ta yi. Da yamma maigida ya ɗauke shi a babur ya kai shi bakin ruwa. Na kulle ɗan ɗakina na bayan shago na taka zuwa gida.

Tun daga nesa na hangi mutane a kan rufin ɗakina. Ina shiga Inna ta tare ni da guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce in zo in ga abin da Baba ya yi mini. Tun ranar da na je zaure bai samu sukuni ba, ya bincika ya ji a shago wuta na yankewa, ga zafi, ga tafiya a ƙasa cikin rana safe da yamma. Sai ya sa anka ɗora mini faifan hasken rana da batur, ya sayi fanka, ya sa kafinta ya yi mini tebur, don in daina wahalar fita, in yi aikina a ɗakina cikin inuwa. Matan gida sunka taru suna cewa kai, wannan suruka ta yi dace. Na aika ta bakin maigida na yi godiya, kuma godiyar gaskiya ce, don tsohon da zuciya ɗaya ya yi.

Teburin katako ne mai nauyi, kafintan ya yi shi da faɗi ƙwarai, sai da anka cire ƙyauren ɗakin kafin ya shiga. Da ya shiga anka maida ƙyauren. Albasa ta fito sau biyu tun lokacin. Manhajar ta iya Hausa, ta iya Dendi, saura Zabarmanci, har yanzu ban samu wanda zai duba mini shi ba. A kan teburin nake rubuta wannan.